BABI NA UKU: 'YANTAR DA ƘANANAN YARA DAGA IKON IYAYE A DOKOKIN JIHOHIN AMURKA

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin matsayin ƙaramin yaro a idon doka, wato cewa ba ya iya ƙulla yarjejeniyar da za ta ɗaure shi, ba ya iya shigar da ƙara da kansa, kuma nauyin cinsa da shansa da suturarsa da makwancinsa duk yana wuyan iyayensa. A wannan babi kuwa za a duba wata ƙofa da dokokin Amurka suka buɗe, wadda yaro zai iya bi ya fita daga wannan matsayi tun kafin ya cika shekarun da doka ta yanka. Ita wannan ƙofa ce aka kira 'yantarwa a cikin wannan kundi, yaron da ya bi ta cikinta kuma aka kira shi 'yantaccen yaro. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, takardar da ke ba yaro ikon kansa ita ce kuma ke sauke wa iyayensa nauyinsa, kuma mafi yawan bambancin da ake gani tsakanin jiha da jiha ya taso ne daga yadda kowace ta auna waɗannan abubuwa biyu.

3.1 Asalin 'Yantarwa

Tushen al'amarin yana cikin dokar Rumawa ta dā. A wajensu uba yana da iko a kan 'ya'yansa muddin yana raye, ko da kuwa ɗan ya yi furfura, kuma duk abin da ɗan ya samu na uban ne. Dokokinsu na farko da aka rubuta a kan alluna goma sha biyu, wajen shekara 450 kafin haihuwar Annabi Isa, sun ce idan uba ya sayar da ɗansa har sau uku, to ɗan ya kuɓuta daga ikonsa. Daga baya sai masana dokarsu suka mai da wannan hukunci dabara. Uban da yake son ya sallami ɗansa sai ya sayar da shi ga wani amininsa sau uku, ciniki na baka kawai, a ƙarshe ɗan ya zama mai ikon kansa.

Amurka ba daga Rum ta gaji dokarta kai tsaye ba, daga Ingila ta gaje ta, inda shekarun girma suke 21. A ƙarƙashin wannan doka uba yana da haƙƙi a kan aikin ɗansa da ladan aikin har sai ɗan ya cika waɗannan shekaru. Shi kansa Abraham Lincoln, wanda aka haifa a 1809, mahaifinsa ya riƙa tura shi ƙodago a gonakin maƙwabta yana karɓe ladan, har zuwa lokacin da ya cika shekara 21. Saboda haka a ƙarni na 19 idan aka ce an 'yantar da yaro, abin da ake nufi shi ne uba ya yafe haƙƙinsa a kan ladan yaron. Yawancin shari'o'in wancan zamani ma ba tsakanin ɗa da uba ake yin su ba. Masu bin uban bashi ne ke neman su ƙwace abin da ɗan ya tara, ɗan kuma ya kare kansa da cewa tuni mahaifinsa ya sallame shi.

Bahaushe ba zai sha wahalar fahimtar wannan ba idan ya tuna da gandu. Ɗan da ke cikin gandu yana yi wa mahaifinsa noma, mahaifin kuma yana ciyar da shi, ya biya masa haraji, ya yi masa aure. Ranar da ya fita daga gandu, amfanin gonarsa ya zama nasa, amma kuma rumbun uban ya daina zama nasa. Bambancin kawai shi ne, fita daga gandu al'amari ne na gida da dattawa, ita kuwa 'yantarwa a yau ta koma hannun majalisa da alƙali.

3.2 Dalilin Bambanci Tsakanin Jihohi

Babu wata dokar tarayya guda ɗaya a Amurka da ta tsara 'yantar da yara. Gyara na goma da aka yi wa tsarin mulkin ƙasar a 1791 ya ce duk ikon da ba a miƙa wa gwamnatin tarayya ba, ya zauna a hannun jihohi ko jama'a. Sha'anin aure da saki da riƙon yara yana cikin abin da ya zauna a hannun jihohi. Wannan ne ya sa jihohi 50 kowace take da nata tsarin. Irin haka ta faru a Nijeriya da Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, wadda ba ta fara aiki a kowace jiha ba sai da majalisar jihar ta amince da ita.

Tun daga shekarun girma ma ba a taru an zama ɗaya ba. A 1971, lokacin yaƙin Biyetnam, aka yi wa tsarin mulki gyara na 26 wanda ya rage shekarun jefa ƙuri'a daga 21 zuwa 18, domin ana ganin bai dace a tura matashi fagen fama ba alhali ba shi da ikon zaɓen masu tura shi. Bayan haka mafi yawan jihohi suka sauko da shekarun girma zuwa 18. Amma Alabama da Nebraska sun tsaya a 19, Misisifi kuwa ta tsaya a 21. Wannan kaɗai ya isa ya canza ma'anar 'yantarwa. A Alabama sai yaro ya haura shekara 18 kafin kotu ta saurari buƙatarsa, wato ke nan abin da zai samu bai wuce saukin 'yan watanni ba, alhali takwaransa na maƙwabciyar jiha ya riga ya zama babba ba tare da ya je ko'ina ba.

3.3 Aure da Aikin Soja

Akwai hanyoyi biyu da yaro kan zama 'yantacce ba tare da ya nemi alƙali ya 'yantar da shi ba. Ta farko ita ce shiga aikin soja. Dokar tarayya ta yarda a ɗauki ɗan shekara 17 idan iyayensa sun sa hannu, kuma jihohi irin su Kalifoniya da Mishigan suna ɗaukarsa a matsayin 'yantacce muddin yana bakin aiki.

Ta biyu ita ce aure, kuma ita ce ta fi canzawa a shekarun baya-bayan nan. A dā kusan ko'ina aure yana 'yantarwa, domin ba zai yiwu a ce yarinya matar aure ce kuma tana ƙarƙashin ikon mahaifinta ba. Amma a 2018 jihar Delawa ta zama ta farko da ta hana aurar da duk wanda bai kai shekara 18 ba, ba tare da togaciya ba, kuma Niyu Jasi ta bi sahu a wannan shekarar. Fensilbaniya ta yi haka a 2020, Niyu Yok a 2021, Masacuset a 2022, Mishigan a 2023. A waɗannan jihohi ƙofar aure ta rufe ke nan. Teksas kuwa juya al'amarin ta yi. Tun daga 2017 ɗan shekara 16 ko 17 ba ya iya yin aure a can sai ya fara samun takardar 'yantarwa daga kotu. Wato abin da a dā aure ke haifarwa, yanzu shi ya zama sharaɗin aure. Hikimar da ke cikin wannan ita ce, yarinyar da aka aurar alhali doka ba ta ba ta ikon ɗaukar lauya ko kama hayar ɗaki ba, ba ta da hanyar fita idan auren ya zame mata azaba.

3.4 'Yantarwa ta Hanyar Kotu

A nan ne bambancin ya fi fitowa fili. Za a fara da Kalifoniya domin dokarta, wadda aka kafa a 1978, tana cikin waɗanda suka fi sassauci ta fuskar shekaru. Yaro ɗan shekara 14 yana iya rubuta takardar neman 'yantarwa da kansa. Abin da ake so ya nuna wa alƙali shi ne, yana zaune daban da iyayensa bisa son ransa, da yardarsu ko kuma da kawaicinsu, yana tafiyar da harkar kuɗinsa da kansa, kuma kuɗin da yake samu ba ta hanyar aikata laifi yake samun su ba. Idan alƙali ya gamsu da waɗannan, kuma ya ga 'yantarwar ba za ta cuci yaron ba, sai ya ba da takarda. Daga nan yaron yana iya ƙulla yarjejeniya, ya sayi kadara ya sayar, ya yi ƙara a kuma yi ƙararsa, ya sa hannu a yi masa magani ko tiyata, ya zaɓi inda zai zauna, ya sa kansa a makaranta.

Idan aka lura da kyau za a ga akwai sarƙaƙiya a cikin waɗannan sharuɗɗa. Ana so yaro ya riga ya zauna shi kaɗai yana ciyar da kansa kafin a ba shi takarda, alhali takardar ce za ta sa mai gida ya yarda ya ba shi hayar ɗaki, domin yarjejeniyar da aka ƙulla da ƙaramin yaro yana iya warware ta duk ranar da ya ga dama. Wato dokar ba ta samar wa yaro ikon kansa, tana tabbatar da wanda ya riga ya samu ne. Bugu da ƙari, sharaɗin yarda ko kawaicin iyaye yana nufin yaron da ya gudu daga gidan da ake azabtar da shi, kuma uban yana cewa lallai a dawo masa da ɗansa, shi ne zai fi shan wahalar cika sharaɗin. Yaron da iyayensa ba su damu da inda ya kwana ba kuwa, shi hanya a buɗe take gare shi.

A Teksas sai yaro ya kai shekara 17, ko kuma 16 idan yana zaune daban da iyayensa, kuma dole ya kasance yana ciyar da kansa. Kotu tana naɗa lauya domin ya duba maslahar yaron, kuma tana iya 'yantar da shi gaba ɗaya ko don wata buƙata ƙayyadadda. A Fulorida shekarun 16 ne, amma ba yaron ne ke shigar da takardar ba, iyayensa ne ko wakilin da kotu ta naɗa masa, kuma dole takardar ta bayyana yadda zai sami abinci da matsuguni da sutura da magani. Ilinoi ma daga 16 ta fara, ta kuma tanadi 'yantarwa ta wani ɓangare, ba a kuma 'yantar da yaro a can idan shi kansa ya ce ba ya so. Luwiziyana, wadda dokarta ta samo asali daga Faransa da Sifen, tana da wata hanya da sauran ba su saba da ita ba. Iyaye da yaro ɗan shekara 16 suna iya zuwa gaban jami'in da ke tabbatar da takardu su rubuta masa 'yanci a kan wasu abubuwa da suka zayyana, ba tare da an shiga kotu ba.

Sai kuma jihohin da ba su da wata doka ta musamman da ta tsara yadda yaro zai nemi 'yantarwa, kamar Niyu Yok da Fensilbaniya da Masacuset. A Niyu Yok maganar 'yantarwa takan taso ne a cikin wata shari'ar dabam, galibi ta kuɗin ciyarwa. Dokar jihar ta ɗora wa iyaye ciyar da ɗansu har ya kai shekara 21, ko da yake shekarun girma 18 ne. Saboda haka uban da yake son ya daina biya shi ne kan ce wa kotu ɗansa ya riga ya 'yantar da kansa. Shari'ar da aka fi kafa hujja da ita ita ce wadda babbar kotun jihar ta yanke a 1971, wadda aka sakaya sunayen masu ita aka kira ta Roe da Doe. Wata ɗaliba ce 'yar shekara 20 da ke karatu a wata jami'a a wata jiha, mahaifinta lauya ya umarce ta da ta zauna a ɗakin kwanan ɗalibai, ta ƙi, sai ya yanke mata kuɗi ya kuma ce ta dawo gida, ta ƙi. Kotu ta ce wanda ya bar gida bisa son ransa don ya kauce wa umarnin uba mai ma'ana, ya zubar da haƙƙinsa na ciyarwa. A nan ke nan 'yantarwa ta zama garkuwar uba, ba abin da ɗa ya roƙa ba.

3.5 Wa ke Cin Moriyar 'Yantarwa?

Mutane da yawa sun san wannan doka ne ta hanyar labarin taurarin fim da 'yan wasa. Tun a 1938 Jackie Coogan, wanda ya yi suna yana yaro a fim ɗin Charlie Chaplin na 1921, ya kai mahaifiyarsa da mijinta ƙara bayan ya girma ya tarar an cinye miliyoyin dalolin da ya tara. Abin da ya samu a ƙarshe bai taka kara ya karya ba, domin a dokar lokacin ladan yaro na iyayensa ne. Wannan ya sa Kalifoniya ta kafa doka a 1939 da ake kira da sunansa, kuma tun daga shekarar 2000 wajibi ne a ware kashi 15 cikin ɗari na ladan yaro ɗan fim a ajiye masa a asusun da ba a taɓawa sai ya girma. A 1998 kuma Dominique Moceanu, wadda ta ci lambar zinariya tare da 'yan wasan Amurka a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 tana da shekara 14, ta je kotu a birnin Hustan na Teksas tana da shekara 17, tana zargin an salwantar da dukiyarta, kuma aka 'yantar da ita. Ita kuwa Alicia Silverstone ta bayyana cewa an 'yantar da ita tana da shekara 15 domin ta iya yin aiki na tsawon awoyi a fim ɗinta na farko da ya fito a 1993. Ko a wannan misali na ƙarshe ma ana iya tambaya, shin ita ce ta fi amfana ko kuwa masu shirya fim ɗin.

Sai dai waɗannan 'yan tsiraru ne masu kuɗi da lauyoyi. A 1992 Carol Sanger da Eleanor Willemsen sun wallafa wani nazari da suka yi a arewacin Kalifoniya, inda suka duba takardun kotu suka kuma tattauna da wasu yaran da aka 'yantar. Abin da suka gano shi ne, sau da yawa ba daga yaron shawarar ta fito ba, daga iyaye ta fito, kuma galibi a gidajen da rigima ta yi yawa. Iyayen suna so ne su huta da ciyarwa, su kuma tsira daga biyan diyyar ɓarnar da yaron zai iya yi. A takarda yaro ne ya roƙa, amma a zahiri an tura shi ne. Jihar Konetikat ma ba ta ɓoye ba, dokarta ta 1979 ta ba iyaye damar su shigar da takardar neman a 'yantar da ɗansu idan ya kai shekara 16.

Mishigan ce ta fi kowace jihar da aka ambata fuskantar wannan matsala kai tsaye. A can yaron ne ke shigar da takarda, kuma dole ya haɗa da rantsuwar wani babba da ya san halinsa, kamar likita ko malamin makaranta ko malamin addini ko ɗan sanda ko ma'aikacin jin daɗin jama'a, wanda zai ce yana ganin 'yantarwar alheri ce ga yaron. Idan iyaye suka ƙi, kotu ba za ta yi watsi da ƙin nasu ba sai in ta tabbata ba sa ciyar da shi. Abin da ya fi muhimmanci kuma shi ne, dokar ta ce ko bayan kotu ta 'yantar da yaro, nauyin ciyar da shi yana nan a wuyan iyayensa, illa dai ba za a bi su bashin da ya ci ba. A ganin mai wannan nazari, wannan tsari ya fi sauran adalci, domin ya raba abubuwa biyu da aka saba haɗawa. Ya ba yaro ikon sa hannu a kan al'amuransa, amma bai bar wa uba wata riba da za ta sa ya ingiza ɗansa zuwa kotu ba. Za a iya sukar tsarin da cewa bai dace mutum ya biya kuɗi a kan yaron da ba shi da ta cewa a kansa ba, kuma sukar tana da ƙarfi. Amma idan dole ne ɗaya daga cikin biyun ya ɗauki asara, ɗan shekara 16 bai kai uba iya ɗauka ba.

Kalifoniya ta bi wata hanyar ce don rage ɓarna. Idan 'yantaccen yaro ya tsiyace har ya rasa abin dogaro, ko kuma aka gano an sami takardar ta hanyar ƙarya, kotu tana iya soke ta, ya koma matsayin ƙaramin yaro, nauyinsa ya koma kan iyayensa. Yarjejeniyoyin da ya ƙulla kafin sokewar dai suna nan daram.

3.6 Abin da 'Yantarwa Ba Ta Bayarwa

Takardar alƙali ba ta ƙara wa yaro shekaru. Duk dokar da aka gina a kan adadin shekaru tana nan a kansa. Ba zai jefa ƙuri'a ba sai ya kai 18. Ba za a sayar masa da giya ba sai ya kai 21, tun bayan dokar tarayya ta 1984 da ta tilasta wa jihohi ɗaga shekarun ta hanyar barazanar rage musu kuɗin gina hanyoyi, kuma tun Disamba 2019 taba ma ta koma 21. Dokar ƙodago ta tarayya ta 1938 ta hana sa wanda bai kai 18 ba ayyuka masu haɗari irin su haƙar ma'adinai, kuma 'yantarwa ba ta ɗage wannan hani. A Kalifoniya zuwa makaranta ma bai faɗi a kansa ba. Wani sauƙi da yake samu daga tarayya shi ne wajen neman tallafin karatun jami'a, inda ake ɗaukarsa a matsayin mai zaman kansa, ba a lissafa dukiyar iyayensa wajen auna abin da ya cancanta.

Ya kamata kuma a bambance 'yantarwa da yanke haƙƙin iyaye, domin jaridu kan haɗa su. A 1992 wani yaro ɗan shekara 12 a Fulorida, Gregory Kingsley, ya nemi kotu ta raba shi da mahaifiyarsa domin iyalin da ke riƙonsa su mai da shi ɗansu, aka yi ta yayatawa cewa yaro ya saki iyayensa. Shi ba ikon kansa ya nema ba, wasu iyayen ya nema. A 1993 kotun ɗaukaka ƙara ta ce ƙaramin yaro ba shi da hurumin shigar da irin wannan ƙara da sunansa, amma ta bar hukuncin raba shi da mahaifiyar a yadda yake, saboda wasu manya, ciki har da mai riƙonsa da hukumar kula da yara ta jihar, su ma sun shigar da buƙata iri ɗaya. Shi 'yantaccen yaro kuwa dangantakarsa da iyayensa ba ta yankewa, sunansu yana nan a takardar haihuwarsa, kuma yana nan a cikin magadansu.